Yadda Ake Koya wa Yaro Kalmomin Kallo Ɗaya da Zanen Damina da Fensirin Kala

Wata Talata a tsakiyar watan Maris, ana zafi kamar a bakin murhu, ɗiyata mai shekara biyar ta dawo daga makaranta da aikin gida. Takarda ce guda da aka sauko da ita daga intanet aka buga: wani lambu, ga zomo tsaye da ƙafa biyu riƙe da kwandon ƙwai, ga wasu furanni masu kama da ƙaramin kofi. An yanka zanen gida-gida, kowane gida da kalmar Turanci a ciki, a sama kuma an nuna kalar da za a shafa wa kowace kalma. Ta ɗora yatsa kan furen ta ce, "Umma, kofin shayi ne a kan kara?" Na ce fure ne. Ta leƙa tsakar gida, inda ba komai sai ƙura da busasshen ganyen darbejiya, ta ce, "A ina?"

Tana da gaskiya. An yi takardar ne don yaran Amurka da Ingila, inda sanyi ke sakin ƙasa a watan Maris, ƙanƙara ta narke, itatuwa su yi toho, furanni su yi ta buɗewa har cikin Mayu. Ƙamus kan fassara wannan lokaci nasu da "bazara", alhali bazararmu lokacin zufa ce da mangwaro da kwanan tsakar gida. Abin da ya yi daidai da nasu a wajenmu shi ne faɗuwar damina: shamuwa ta iso, hadari ya taso daga gabas, ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, kafin mako biyu ko'ina ya yi kore shar. Dabarar da ke cikin takardar mai kyau ce, hoton ne baƙo. Sai na riƙe dabarar na canja hoton. Ga yadda nake yi, kuma duk da cewa da iyaye mata nake magana, uba ko yaya ko malamin aji ma zai iya.

Mece ce kalmar kallo ɗaya?

Ita ce kalmar da yaro zai gani ya faɗa nan take, ba tare da ya tsaya haɗa baƙi da wasali ba. A makarantun kuɗi za ki ji malamai na ce musu "sight words", masu bin tsarin koyar da karatu na Jolly Phonics kuma suna da nasu da suke kira "tricky words". Jerin da aka fi yawo da shi na Edward Dolch ne, wani malamin Jami'ar Illinois a Amurka, wanda ya fitar a 1936: kalmomi 220 da suka fi maimaituwa a littattafan yara, da wasu sunayen abubuwa 95 a gefe. Rukunin farko na jerin kalmomi 40 ne, irin su the, and, is, to, me, said, one, red, blue. Daga baya Edward Fry ya tsara nasa jerin har ya kai 1,000. Dalilin ware su shi ne suna cika kowane shafi, kuma da yawansu rubutunsu daban, furucinsu daban. Yaron da ya iya haɗa harafi zai karanta one ya ce "o-ne", ba laifinsa ba ne.

Hausar boko ba ta da wannan rikici sosai. Yadda aka rubuta haka ake faɗa, sai dai ba ma nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya. Duk da haka yaron da ke tsayawa ya yi "d, a, da" a duk inda ya ci karo da "da" zai gaji kafin ya kai ƙarshen layi, ya manta abin da farkon layin ya ce. Ƙananan kalmomi irin su da, na, ta, ya, ne, ce, ba, shi, ita, ga, su ne ya kamata su zama 'yan gida a idonsa.

Abu guda da nake so ki riƙe tun daga nan: kalma ba hoto ba ce da za a haddace kamanninta. Binciken masana karatu, musamman na Linnea Ehri, ya nuna kalma tana zama daram a kan yaro ne idan ya haɗa sautin da yake ji da harafin da yake gani, ya maimaita sau da dama. Saboda haka kala a wannan wasa lada ce da ake bayarwa bayan an karanta. In aka bar yaro ya yi ta shafa kala bai buɗe baki ba, an yi zane, ba a yi karatu ba.

Kayan aiki

Farar takarda, baƙin biro ko ƙaramar maka, rula, fensirin kala ko kireyon guda huɗu zuwa shida, tsohon kwali da za ki yanka katuna, faranti mai ɗan yashi, da wake ko tsakuwa cikin tafin hannu. Shi ke nan. In akwai ƙaramin da ke rarrafe, ki nisanta shi da waken da kireyon ɗin, duka baki yake kai su. Rezar fiƙe fensir kuma ta zauna a hannunki.

Mataki na farko: zaɓen kalmomi

Huɗu sun isa takarda guda, biyu da yaron ya riga ya sani, biyu sababbi. Tsofaffin su ne ke ba shi ƙarfin gwiwa. In yau ne farko, fara da uku kawai. Idan makaranta ta ba da jerin mako, ɗauko daga ciki. In babu, buɗe littafin karatunsa ki ƙirga kalmomin da suka fi yawa a shafi biyu na farko.

Kada ki haɗa Hausa da Turanci a takarda ɗaya. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, na ga ta kaina. Dubi kalmomin "to" da "me": a Turanci "tu" da "mi" ake faɗa, a Hausa kuwa "to" ne na amsawa da "me" na tambaya. Rubutu iri ɗaya, baki biyu. Yarinya ta dube ni ta ce, "Umma, wannan ta gida ce ko ta makaranta?" Tun daga ranar nake ware rana ta Hausa da rana ta Turanci, kuma ina faɗa mata kafin mu zauna.

Haka nan a makonnin farko ki raba kalmomi masu kama da juna. Kada "da" da "ba" su haɗu, kada "was" da "saw" su haɗu. Lokacin haɗa su da gangan yana zuwa, zan kawo shi a gaba.

Mataki na biyu: gabatar da kalma kafin a ga zane

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Rubuta kowace kalma a kati, da ƙananan haruffa, amma ki yi rubutun manya-manya. Ɗaga kati guda, faɗi kalmar, saka ta a jimlar da yaron ya sani: "Da. Tuwo da miya." Shi ma ya kawo tasa, ko da "ni da kyanwa" ce. Sai ku rarraba ta, ki nuna harafi yana faɗin sautinsa, sannan ya haɗa. Daga nan ya rubuta ta da yatsa a cikin yashin faranti yana faɗa, ya share, ya sake, sau uku.

In ta Turanci ce mai taurin kai, nuna masa inda taurin yake. A said, farko da ƙarshe lafiya lau suke, s da d suna faɗin abin da aka san su da shi. Tsakiyar ce mai yaudara: yaron Hausa zai karanta "ai" kamar a "kai", alhali "e" ake ji. Ja jan layi ƙarƙashin haruffan biyu ki ce, "Nan ne kawai za ka riƙe da ka." Kin rage masa nauyin hadda daga haruffa huɗu zuwa wuri guda. Duk wannan bai wuce minti biyar ba.

Mataki na uku: zanen

Ba sai kin iya zane ba. Mafi sauƙi shi ne hadari: gajimare guda a sama, manyan ɗigon ruwa goma sha shida suna sauka, kowane ɗigo da kalma a ciki. Na biyu lema: kifa murfin kwano a kan takarda ki zagaya rabinsa da biro, ja layi huɗu ko biyar daga ƙololuwa zuwa ƙasa, ratsa su da layi biyu a kwance, ki sa mata mariƙi mai lanƙwasa. Kin sami gidaje kamar na dara. Akwai zangarniyar masara, kowace ƙwaya gida guda. Akwai malam-buɗe-littafi da fukafukansa, da ƙadandoniya da gaɓoɓinta, wadda yaran ke gani tana tafiya a gindin bango da zarar ƙasa ta jiƙe. Wasu gidajen ba sa son zanen abu mai rai, kuma ba a rasa komai ba: lema, ɗigon ruwa, masara, ganye da bakan gizo sun isa damina guda.

Ga inda na faɗi a karon farko. Na zauna na zana bishiya da rana da sararin sama, na yi ta jin daɗin kaina. Cikin minti biyu yarinya ta gama tsaf, rana rawaya, ganye kore, sama shuɗi, ba ta karanta kalma ko ɗaya ba. Hoton ne ya ba ta amsa. Shi ya sa na fi son lema da fukafukai da ɗigon ruwa, abubuwan da kowace kala za ta iya zama a kansu. In kin ga dole sai kin zana kwaɗo, to cikinsa ki yanka gida-gida, ya fito mai rodi-rodi, ba wanda zai kai ki ƙara.

Kada gida ya gaza faɗin akwatin ashana, don hannun ɗan shekara huɗu ko biyar bai iya tsayawa cikin ƙaramin wuri ba. Gidaje goma sha shida zuwa ashirin, kowace kalma ta fito sau huɗu ko biyar. Ki watsa su ba bisa tsari ba. In kika jera da, na, da, na, kafin layi na biyu ya gano sirrin ya daina dubawa. Rubuta da baƙin biro, ba fensir ba, don kireyon na goge rubutun fensir ya yi dama-dama. Harafin "a" kuma ki yi shi irin wanda ake koya musu a aji, mai zagaye da sanda, ba mai ƙugiya a ka irin na bugun littafi ba.

Ƙugiyar ɗ da ɓ da ƙ ta fito sarai. In a kwamfuta kika shirya za ki kai shagon fotokwafi, sa a buga miki guda ɗaya ki duba kafin ki biya kuɗin ashirin, domin wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su san waɗannan haruffa ba, sai su mayar da su akwati ko alamar tambaya.

Mataki na huɗu: mabuɗi

A can saman takardar rubuta kalmomin huɗu, kusa da kowace ki ɗiga kalarta: "da" ja, "na" kore, "ya" rawaya, "ta" shuɗi. Kauce wa baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, suna binne kalmar, kuma za ki so a sake karanta ta bayan an gama.

Mabuɗin nan mai tsani uku ne. A tsanin farko yana buɗe, yaro na gani. Matsalarsa ita ce yaro mai wayo zai riƙa kwatanta siffa da siffa, ido ya je sama ya dawo ƙasa, ba karatu. Don haka bayan takarda ɗaya ko biyu ki hau tsani na biyu: naɗe saman takardar baya, ke ki zama mabuɗin. "Duk inda ka ga 'ya', rawaya ce." Yanzu daga kunne zai tafi ido, dole ya san kalmar. Tsani na uku sai bayan makonni: a rubuta sunayen kalolin da haruffa, ja, kore, shuɗi, ba ɗigon kala, ya karanta mabuɗin da kansa. A Turanci ma haka, tunda red da blue da yellow suna cikin 40 ɗin farko na Dolch.

Mataki na biyar: zaman karatun

Nemi lokacin da cikinsa ke cike kuma bai gaji ba. Mu bayan la'asar muke yi a ranakun da ba Islamiyya, ko da hantsi a ƙarshen mako. Tabarma, tire ko murfin bokiti a matsayin tebur, minti goma zuwa sha biyar. Da kin ga ya fara birgima, a tashi, gobe ma rana ce.

Fensiran kala su zauna a cinyarki. Wannan ƙa'ida ita ce rabin nasarar. Fara da farauta: "Nemo mini duk 'na', ka sa mata wake." Yana ɗora ƙwayar wake kan kowane gida yana faɗin kalmar da ƙarfi. Amfanin waken shi ne kuskure na ɗaukuwa, kala kuwa in ta hau ta hau. Ku ƙirga tare, ki ce, "Biyar na rubuta, huɗu ka samo, ɗaya ta ɓuya." Za ki ga ya duƙa yana bin gida-gida da yatsa, kuma a wannan neman yana karanta sauran kalmomin ba tare da ya sani ba. In sun cika, sai ki miƙa masa kore. Ya ɗauke wake, ya faɗi kalma, ya shafa kala.

Idan ya saba, canja salon. Maimakon kalma-kalma, ku bi gida-gida daga hagu zuwa dama yadda ake karatun boko. Ya ɗora yatsa, ya karanta, ya nemi kalar da bakinsa: "Umma, 'ta' ce, ba ni shuɗi." Ya fi cin lokaci, amma karatun ya fi yawa, don kowane gida sabuwar tambaya ce.

In ya tsaya cak a kan kalma, kada ki yi saurin ceto. Ƙirga biyar a zuci. In shiru, nuna harafin farko ki ce, "Wannan me yake cewa?" In har yanzu shiru, faɗa masa kawai, ya maimaita, ku wuce, ki dawo da shi kanta bayan gida uku. Ba tsawa, ba ranƙwashi. In ya riga ya shafa kalar da ba ita ba, kada ki yaga takarda ko ki sa shi gogewa. Zagaye gidan da biro, ku karanta shi daidai tare, ki rubuta kalmar a bayan takardar don ta shiga zanen mako mai zuwa. Fita daga layi kuwa ba laifi ba ne a nan, ba gasar zane ake yi ba.

Wani abin lura: in yaro na karanta kalma daidai amma kullum yana rikita ja da kore, wataƙila ba ganganci ba ne. Akwai masu matsalar bambance waɗannan kaloli tun haihuwa, kuma an fi samunta ga maza. Canja masa zuwa shuɗi da rawaya ki gani, in kin je asibiti kuma ki sa a duba idon.

Mataki na shida: fitar da kalmar daga cikin zanen

Yaro zai iya sanin "da" a cikin lema ya kasa gane ta a littafi. Wani ma kalar yake riƙewa, a ransa "da" ita ce "mai ja". Maganin wannan biyu ne. Na ɗaya, kowane mako ki juya kalolin, wadda ta sha ja yau ta sha kore gaba. Na biyu, washegari ki gwada shi da farin kati, ba zane ba kala. Wadda ya faɗa nan take kwana uku a jere ta shiga gwangwanin "na sani", a riƙa waiwayarta jefi-jefi. Wadda ya yi jinkiri a kanta ta koma zane.

Kafin ku tashi, sa shi ya faɗi jimla guda game da hoton, ki rubuta a ƙasa yana kallo: "Ruwa ya sauka, ni da Umma mun shiga lema." Ya nemo kalmomin yau a ciki ya ja musu layi. Sannan ku buɗe kowane littafi ko tsohuwar jarida, ya farauto guda uku. Daga nan za ki ga ya fara tare ki a hanya yana nuna allon shago.

Tafiya da daminar

Ba a gama wannan a mako guda, kuma daminar kanta na ba ki jadawali. Makonnin farko hadari da shamuwa da ɗigon ruwa. In an yi shuka, zana ramuka a jere da iri a ciki, ki ba shi gero ko masara ya shuka a tsohon gwangwani, ya liƙa katin kalmar mako a jiki. Ƙarshen Yuli zuwa Agusta ana dogon hutu kuma ruwa ya kankama, ranakun da marka ke tsare yara a ɗaki su ne kasuwar wannan wasa: kwaɗi, kududdufi, lema, bakan gizo. Sai masara da gyaɗa in kaka ta ƙarato. Masu yi da Turanci za su tarar jerin sunayen Dolch ma ya san gona, akwai rain, seed, corn, grass, farm, cow da water. Snow da squirrel sa jira.

A tsakiyar wannan tafiya ne za ki haɗa masu kama da juna da gangan, bayan kowace ta zauna ita kaɗai. Takarda guda, kalma biyu tak: "da" da "ɗa", ko "kasa" da "ƙasa", ko "bari" da "ɓari", a Turanci was da saw. Zangarniyar masara ta fi dacewa, ƙwaya ashirin, kala biyu. A nan yaro ke gane cewa 'yar ƙugiyar nan ba ado ba ce.

In ba kala, ko yaran sun yi yawa

Malamin da ke da yara sittin ba zai buga takarda sittin kowane mako ba. A zana lemar a allo babba, yara su fito ɗaya-ɗaya su karanta su shafa da allin kala, na zaune su ɗaga hannu in sun yarda. Ko a raba su biyar-biyar da kwali guda, kowane yaro da kalmarsa da rabin kireyon ɗinsa. In ba kala sam, fensir ɗaya ya wadatar: "da" ɗige-ɗige, "na" layi a tsaye, "ya" layi a kwance, "ta" zagaye.

A gida kuwa madafa na da nata fentin. Jiƙaƙƙen zoɓo mai kauri ja ne, kurkum rawaya, bular wanki shuɗi, dakakken ganyen zogale kore. A naɗa auduga a tsinke a riƙa ɗigawa, kuma a yi a kan kwali don takarda na jiƙewa ta huje. Sai dai zoɓo na da halinsa: yana hawa ja, in ya bushe ya koma wajen shunayya. Ranar da muka fara gwadawa, yarinyar ta dawo bayan magariba ta tarar duk gidajen "da" sun sauya kala. Ta tsaya ta yi shiru, sannan ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, wai tana so ta tabbatar ko kalmomin ma sun canja.